Yadda Na Koma Auna Tuwo a Sikeli

A ƙasar Hausa teɓa ba ta zama cuta sai ta kai mutum gadon asibiti. Kafin nan hutu ce, ko shaidar cewa uwargida ta iya tukunya. Na daɗe ina cin moriyar wannan fahimta. In na shiga taro a miƙo mini kujerar gaba, in na je ɗaurin aure maroƙa su baro ango su yo kaina, alhali abin da ke aljihuna bai fi kuɗin komawa gida ba. Tela ya ƙara mini kuɗin ɗinki, mai adaidaita-sahu ya caje ni kuɗin mutum biyu, ina biya ina murmushi don a ganina harajin girma ne. Sai da gwiwoyina suka fara kuka a sujada, minsharina ya kori yara daga ɗakin da ke kusa, likita kuma ya ce ciwon suga ya shigo har ya shimfiɗa tabarma, sannan murmushin ya ragu.

Babu dabarar rage ƙiba da ban taɓa ba. Na sha ruwan ɗumi da lemon tsami da asuba. Na sayi ganyen shayin da ake talla a Facebook. Na fara tattaki ranar Litinin, na rufe shi ranar Talata a gaban mai tsire. Duk dabarar da ke buƙatar in ce wa bakina a'a ba ta yin ƙarko a hannuna. Shi ya sa da na ji labarin tiyatar rage ƙiba, abin da ya burge ni guda ɗaya ne: a yi maka allurar barci, ka farka ka tarar wani ya yi maka haƙurin da ka kasa yi wa kanka. Na sayar da fili, na nufi Alƙahira.

Likitan da na samu a can mutumin kirki ne, mai son bayani. Ya ce aikin da za a yi mini ana kiransa Roux-en-Y, sunan da ya samo daga César Roux, wani likitan tiyata ɗan ƙasar Suwizalan, kuma wani Ba'amurke mai suna Edward Mason ne ya fara aikin kewaye tumbi don rage ƙiba a shekarun 1960. Ya zana mini a takarda: za a yanki saman tumbi a yi 'yar jaka da ba ta fi mililita 30 ba, wato cokalin cin abinci biyu, a haɗa ta kai tsaye da ƙaramin hanji, sauran tumbin kuma abinci ya daina bi ta cikinsa. Ya ba ni takardun dokokin ci da sha, ya yi ta nanata wasu wurare da biro. Ni kuwa ina ta “na'am, na'am”, zuciyata tana wajen tela, ina lissafin yadi nawa zan riƙa ragewa. Takardun suka shige aljihun akwati tare da tikitin jirgi, suka yi zamansu.

Shekarar farko daɗi ya kashe ni. Nauyi ya yi ta zuba, likita ya dakatar mini da maganin suga, na koma ɗaure igiyar takalmi da hannuna. Unguwa ta rabu gida biyu: wasu suka ce karayar arziki ce, wasu suka ce wani ciwo ne nake ɓoyewa. Hajiya mahaifiyata ta dube ni ta fashe da kuka, ta ce an kai mata yaro Masar an dawo mata da rabi. Taubashina kuwa duk inda muka haɗu sai ya leƙa bayana ya ce, “Alhaji, ina ka ajiye sauran?”

A nan ne basirata ta motsa. Na lura cewa 'yar jakar nan ba ta karɓar tuwo sai loma biyu zuwa uku, nama kuwa sai an tauna shi har muƙamuƙi ya gaji, amma abu mai ruwa-ruwa wucewa yake yi ba gardama. To me ya fi ƙasarmu abu mai ruwa-ruwa? Fura da nono da sukari, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, zoɓo mai sanyi, shayi mai kauri da madarar gwangwani, masa da aka jiƙa da zuma har ta daina neman haƙori. Na koma harkata a hankali, ina jin cewa na yi wa likitan Masar wayo, kuma babu mai kai masa labari.

Wata ranar Asabar na sha fura da hantsi, na fita majalisa. Ana cikin gardamar siyasa, ni ke da bakin magana, sai na ji gumi mai sanyi ya tsatso mini a goshi. Hannuna ya ɗauki rawa, zuciya ta hau bugu, wata irin yunwa ta taso mini daga ƙafa. Jimlar da na ɗauko da ƙarfi ta ɓace a tsakiya, na tsaya baki buɗe ina kallon abokin gardamata, na manta ko goyon bayansa nake ko suka. Nan take majalisa ta zama asibiti. Wani ya ce hawan jini ne, wani ya ce taifot da maleriya ne suka haɗu, wani dattijo ya ce tun da na dawo daga Masar ya ga alamar ba ni kaɗai na dawo ba. Wani yaro mai aiki a kemis ya ce suga ne ya sauka, a kawo lemon kwalba. Aka kawo, na shanye, cikin 'yan mintoci na dawo hayyacina har na ƙarasa gardamar. Yaron ya samu lambar yabo, ni kuma na samu fatawar da ta fi kowace daɗi a rayuwata: jikina sukari yake nema.

Gida ya karɓi fatawar hannu bibbiyu. Hajiya ta aiko da galan ɗin zuma da ƙullin dabino, da saƙon cewa kada a bar yaron nan ya zauna baki haka. Uwargida ta ƙara sukari a kunu. Ni kuma na riƙa yawo da alewa a aljihu da izinin kowa. Abin mamaki, yawan maganin yawan ciwon. In sha kunu da safe, kafin azahar in fara rawa. A ba ni lemo in warware, kafin la'asar in sake rawa. A ba ni zuma, da magariba a sake sabon lale. Na zama mai aiki uku a rana: sha, rawa, farfaɗowa.

Azumi ne ya tona asirin. Da rana lafiyata ƙalau, ko jiri ba na ji, har ina yi wa masu kwanciya a gindin bishiya dariya. Da an kira magariba sai in zauna gaban faranti: dabino cike da tafi, kofin kunu, zoɓo, kankana, a bi da soyayyen dankali. Wani dare na samu sahun gaba a sallar asham, daidai bayan liman, shi kuma ya ɗauko doguwar sura. Raka'a ba ta yi nisa ba gumi ya jiƙa mini riga, kafaɗuna suka hau karkarwa, idanuna suka kawo ruwa, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Na sulale na zauna. Da aka sallame wani tsoho da ke gefena ya kama hannuna da hannu biyu, muryarsa tana rawa, ya ce, “Malam, ka sa mu a addu'a. Allah Ya ba mu irin tsoron da Ya ba ka.” Na so in ce masa kunu ne, amma harshe ya yi nauyi. Shirun da na yi ya ɗauke shi tawali'u, ya ƙara riƙe hannun. Ɗana ne ya janye ni zuwa gida kafin a fara layin neman tubarraki.

Washegari uwargida ta zazzage akwatin Masar, ta fito da takardun nan, ta sa ni gaba sai asibiti. Likitar da muka gani ba ta yarda da labari ba, ta ce sai da shaida. Wai tun 1938 wani likita Ba'amurke, Allen Whipple, ya kafa sharuɗɗa uku kafin a ce mutum yana fama da faɗuwar suga: a ga alamomin, a auna jini a lokacin a tarar ya yi ƙasa, sannan alamomin su tafi da zarar suga ya dawo daidai. Ta sa na sayi na'urar awon suga, ta ce in riƙa rubuta abin da na ci, da lokacin, da abin da na'ura ta nuna. Ƙasa da 70 a ma'aunin miligiram faɗuwa ce. Ƙasa da 54, wato 3.0 a ɗaya ma'aunin, magana ta yi girma, don a nan ƙwaƙwalwa ke fara rasa abincinta. Littafin da na kai mata bayan ɗan lokaci ba ya buƙatar tafinta. Duk inda aka rubuta fura, kunu ko zoɓo, awa biyu a ƙasansa akwai lambar da ba ta kai 54 ba.

Ta ce, “Alhaji, a da akwai mai gadi a ƙofar fita daga tumbinka, yana sakin abinci kaɗan-kaɗan zuwa hanji. Aikin da aka yi maka ya kewaye shi, yanzu kowa shigewa yake yi a guje.” Sukari da sitaci mai saurin narkewa suna faɗawa hanji gaba ɗaya, su shige jini, suga ya yi sama cikin ɗan lokaci. Hanjin ya saki wani sinadari mai suna GLP-1 da yawan gaske, shi kuma ya zuga gaɓar da ke yin insulin ta zubo fiye da kima. Sukarin ya ƙare, insulin bai gama aiki ba, sai ya ci gaba da kwashe wanda ya rage. Shi ya sa faɗuwar ke zuwa awa ɗaya zuwa uku bayan cin abinci, kuma galibi ba ta bayyana sai an shekara ko fiye da yin tiyata, lokacin da mutum ya saki jiki. Ta bambanta mini shi da wani rikicin da kan zo cikin awar farko bayan ci, mai murɗar ciki da gudawa da bugun zuciya. Ta kuma ce da a ce faɗuwar tana zuwa ne da yunwa ko tsakar dare ba tare da an ci komai ba, da sai an binciki wani dalilin daban.

Na ce, “To likita, mai ƙarancin suga, me zai sha in ba suga ba?”

Ta ce, “Shi ne abin da za ka bari.”

Aka tura ni wajen mai ba da shawara kan abinci, wata baiwar Allah mai fara'a da ba ta san ragi ba. Ta ce tsarin da za mu bi ya yi kusa da wanda ƙwararrun cibiyar Joslin ta birnin Boston a Amurka suka wallafa a 2017. Sitaci da sukari kada su wuce giram 30 a babban ci, giram 15 a ɗan taɓa-ka-lashe. A raba cin yini gida shida, tsakanin kowanne awa uku zuwa huɗu. Na ji giram 30 na yi hamdala, don a kunnena talatin lamba ce mai kauri. Sai ta fara fassara. Dafaffiyar shinkafa giram 100 tana ɗauke da kusan giram 28. Yankan burodi ɗaya wajen 15 ne, kuma yankan kanti take nufi, ba yankan mai shayi ba. Cokalin shayi ɗaya na sukari giram 4. Kwalbar lemo ta santilita 35 ita kaɗai ta haura rabon babban ci. Na tambayi matsayin fura. Ta ce nonon nawa ne in babu sukari, furar kuwa ta jama'a ce.

Abin da ya rage mini bai yi muni ba, in mutum zai faɗi gaskiya. Ƙwai, kifi, kaza, tsire, balangu, awara, alale, ƙosai, wake, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale da na rama, miyar ganye mai kauri, kindirmo tsura. Ta ce in nemi furotin aƙalla giram 60 a yini, alhali ƙwai ɗaya kusan 6 yake bayarwa, in kuma haɗa da mai mai kyau irin na gyaɗa, don shi da furotin suna rage gudun abinci. Ta ce in fara da nama ko wake, in bi da ganye, sitaci ya zo ƙarshe in da sauran wuri. A sitacin ma in zaɓi wanda bai sha niƙa da tankaɗe ba. Ruwa kuwa ba ya haɗuwa da abinci: a bar tazarar minti 30 kafin ci, da aƙalla minti 30 bayansa, don ruwa kora abinci yake yi zuwa hanji. Kofi da shayi mai ƙarfi a rage. Na ce ai ni goro nake ci. Ta ce ai ɗan gidansu ne. Ƙwayoyin bitamin B12 da na ƙarin jini da na ƙashi kuma, waɗanda na daɗe da yi wa ritaya, su dawo bakin aiki har ƙarshen rayuwa.

Haka na sayi ɗan sikelin kicin. Ranar da aka fara ɗora tuwona a kai, yara suka kewaye ni suna kallo. Uwargida ta gutsuro, ta ɗora, ta duba lamba, ta rage, ta sake dubawa, ta sake ragewa. Abin da ya saura ta ajiye a tsakiyar faranti, miyar kuka da nama suka kewaye shi. Autana ya leƙa ya ce, “Baba, wannan na ɗanɗano ne ko an gama?” An gama.

Wahalar ba a gida take ba, a cikin mutane take. Bahaushe bai san baƙon da za a ba ruwa ya duba agogo ya ce sai nan da minti ashirin ba. A gidan surukai an dama mini fura ta musamman, na ce na gode ba na sha, aka kwana ana binciken laifin da aka yi mini. A walima na tsince naman da ke kan shinkafa na turo farantin gaba, na ji wani a bayana yana cewa wannan ko dai mai kuɗi ne ko maras kunya. Aljihuna kuwa ya koma kanti: ƙullin gyaɗa, dafaffen ƙwai, na'urar awo, ƙwayoyin gulukos. Ƙwan ya taɓa fashewa a aljihun farar shadda ana tsakiyar taron ofis da rana tsaka, kowa ya yi ta duban na kusa da shi, ni ma na taya su duba. Ƙwayoyin gulukos kuma yara suka gano suna da zaƙi, sai ranar buƙata na tarar da kwalba wayam.

Ita kanta faɗuwar, in ta zo, tana da ladabinta. A auna. In ta tabbata, a sha giram 15 na sukari mai saurin aiki, misali ƙwayar gulukos huɗu ko rabin kofi na ruwan lemo. A jira minti 15, a sake aunawa, in bai hau ba a maimaita. In ya hau a bi da gyaɗa ko ƙwai don ya zauna. Minti 15 ɗin nan su ne jarrabawar, domin duk jikinka ihu yake yi ka shanye abin da ke firij, kuma in ka biye masa ka sayi wata faɗuwar ta bayan awa biyu. Uwargida ta koyi tsayawa tsakanina da firij da agogo a hannu. An kuma gargaɗe ta cewa in har na suma kada a ɗura mini komai a baki, a nufi asibiti. Tuƙi ma sai na auna kafin in kunna mota, don wanda suga ya saba faɗo masa yakan daina jin alamun gargaɗi, sai dai kawai ya tsinci kansa a rami.

Akwai lokacin da likita ta ƙara mini da wani magani, acarbose, da ake sha da lomar farko don ya jinkirta narkewar sitaci a hanji. Mai shan sa in suga ya faɗi gulukos zai nema, don sukarin kanti ma jinkirta shi maganin yake yi. Ya yi aiki, ba ƙarya. Sai dai sitacin da bai narke a sama ba yakan gangara ƙasa ya zama iska, alwalata ta daina kaiwa daga azahar zuwa la'asar, na kuma bar sahun gaba don kare mutuncin jama'a. Na koma na roƙi likita ta duba lamarin, na yi alkawarin bin sikeli sau da ƙafa. Abin da wa'azi bai yi ba, kunya ta yi.

Da azumi ya sake zagayowa sai da na nemi izinin likita, ta ce ba kowane mai irin matsalata ake bari ba, malaminmu kuma ya tuna mini cewa addini ya yi wa maras lafiya rangwame. Da aka ba ni dama, buɗa bakina ya zama ruwa da ƙaramin dabino ɗaya, in tafi sallar magariba, in dawo in ci ƙwai ko ƙosai da ganye, sauran cin kuma a rarraba shi har sahur. Na yi asham a tsaye daram tun daga farko har ƙarshe, ba gumi ba karkarwa. Tsohon nan ya dube ni bayan sallama ya girgiza kai, da alama yana jimamin yadda imanina ya ja baya.

Wanda ya ci ribar wannan lamari duka shi ne taubashina. Tun da ya gano cewa a gidana ana dama fura ba mai sha, ana tuƙa tuwo a gutsiri loma uku a bar saura, bai sake kuskuren lokacin cin abinci ba. Zumar Hajiya ma shi ya ga bayanta. Yanzu tela ya fara ƙara masa kuɗin ɗinki, maroƙa sun fara gane shi a ɗaurin aure. Rannan ya gama sharce kwanon fura, ya jingina da bango yana haki, ya ce, “Alhaji, don Allah ba ni lambar likitan nan naka na Masar, ni ma a yi mini in huta.”

Na ce, “Hutu? Ai can sikeli za su ba ka da agogo. Fara sayen sikelin a kasuwa, ka riƙe filinka.”

Ya ce zai yi shawara, sannan ya tambaya ko akwai sauran masa.